Shawarar Kyauta Ce Ke Cinye Jarin 'Yan Kasuwarmu

A kowace babbar kasuwa ta Arewa yau akwai wani mutum da ba shi da rumfa, ba shi da allon suna, amma makullan shaguna da yawa suna hannunsa. Jakar goyo ce ofishinsa. Shi ya buɗe wa Alhaji imel, shi ya haɗa masa na'urar POS, shi ya ɗaura kyamarori a sito, shi ya zuba lissafin kaya a kwamfuta, shi ake kira in alat ya ƙi shigowa. In ana buƙatarsa sunansa injiniya, in aiki ya ƙare ya koma "yaron nan mai kwamfuta". Babu kamfanin da ya tsaya masa, babu tallar da ta kawo shi. Wani ne ya ce wa wani, "Kira wane, yana da amana," shi ke nan. Jarinsa duka yarda ce.

A kan wannan mutumin zan yi magana, kuma da ɓacin rai zan yi ta. Mun ɗora masa amanar da ba mu ɗora wa 'ya'yan cikinmu ba, sannan muna biyansa da "Allah ya yi albarka". Ɗan kasuwar da zai ƙirga miliyoyi ya sayi ƙarfe da waya da batir, shi ne zai murtuke fuska in aka ce ya biya kuɗin shawarar da za ta hana shi sayen abin da ba ya buƙata. Wannan ɗabi'a zalunci ce ga masu gaskiya a sana'ar, kuma ta ƙofarta maha'inta suke shigowa. Asarar kuwa a kan ɗan kasuwar take ƙarewa.

Mu tuna yadda aka yi muka zo nan. Ba da daɗewa ba, dukiyar ɗan kasuwa a wuri uku take: kaya a sito, kuɗi a durowa, bashi a littafi. Makulli ɗaya a aljihun maigida ya isa ya tsare su duka. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, a zamanin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mai shayi da mai nama da mai kayan miya duk suka koma karɓar tiransifa, ba don suna so ba. Kafin Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki a watan Maris, aikin gama ya gama, ciniki ya koma cikin waya. Alƙaluman NIBSS, kamfanin da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, sun nuna kuɗin da aka aika ta na'ura ya tashi daga naira tiriliyan 387 a 2022 zuwa kusan tiriliyan 600 a 2023.

Ga umarnin haɗa layin waya da lambar NIN tun Disambar 2020, ga na rajistar masu POS da hukumar CAC a 2024. Kowane umarni yana zuwa da fom a intanet, da lambar sirri, da wa'adin da in ya wuce za a rufe maka layi ko asusu. Dattijon da zai taɓa shadda da yatsa biyu ya faɗa maka ƙasar da aka saƙa ta, ba lallai ne ya san inda ake dannawa a fom ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Binciken SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya sa yawan ƙanana da matsakaitan sana'o'in Najeriya a kusan miliyan 40, mafi yawansu na mutum ɗaya ne ko na mutane ƙalilan. Banki yana da sashe guda na ma'aikatan kwamfuta masu albashi. Mai atamfa a Kantin Kwari da mai hatsi a Dawanau ba su da wannan, kuma babban kamfani ba zai turo ma'aikacinsa ya tsuguna a rumfa don firinta ta ƙi buga rasit ba. Injiniya mai zaman kansa ne ya cike wannan giɓi.

To, ga yadda muke saka masa. Na ga wannan da idona a shagon wani mai sayar da kayan masarufi a sari. Kuɗin man janareta ya ishe shi, ya ƙudurta haɗa sola, har wani dila ya rubuta masa jerin kaya mai tsawo. Kafin ya biya, sai aka ba shi lambar wani saurayi da aka ce ya san aikin. Saurayin ya zo da littafi da biro. Ya ja firiza daga jikin bango ya karanta 'yar takardar da ke manne a bayanta, ya ƙirga ƙwayayen fitila da fankoki, ya tambayi ƙarfe nawa ake buɗewa, ƙarfe nawa ake rufewa, mene ne dole ya kwana a kunne. Tun hantsi yake lissafi har aka kira azahar. Sannan ya ce, "Alhaji, inbatar da aka rubuta maka ta fi ƙarfin shagon nan. Tsohuwar firizar nan ce ke shanye maka wuta. Ka canja ta, ka canja ƙwayayen nan, rabin baturan da ke takardar nan sun ishe ka."

Alhaji ya yi murna, ya yi ta sa masa albarka. Da saurayin ya faɗi kuɗin aikinsa, sai fara'a ta ɗauke. "Haba injiniya, wane aiki? Ko sukundireba ba ka ɗauka ba. Magana kawai muka yi." Ya zaro 'yan canji ya ce ga na mai. Saurayin ya karɓa saboda kunyar babba, ya rataya jakarsa ya fita.

Maganar da Alhaji ya raina ita ce aikin gaba ɗaya. Ɗaura farantan sola a rufi, duk mai tsani da ƙarfin hannu zai iya koya. Sanin abin da bai kamata a saya ba kuwa shekaru ake yi ana tara shi, da kuɗin makaranta, da kuɗin data, da kayan da mutum ya ƙona a hannunsa yana koyo. Kuma wanda ya haɗa mana kwamfuta sau ɗaya, sai mu ɗauka mun saye shi har abada. A kira shi ƙarfe sha ɗaya na dare don wayar Hajiya ta ƙi buɗewa, a kira shi da asuba don yaro zai cike fom ɗin jarrabawa, duk a cikin 'yan canjin bara.

Ga tambayar da ɗan kasuwa ba ya yi wa kansa: in ban biya shi ba, wa ke biyansa? Injiniyan nan yana da haya, yana da iyali. Ba zai ci albarka ya sha godiya ba. Ranar da ya gane ba a biyan gaskiya, kaya kawai ake biya, ƙafarsa za ta kai shi wurin dila. Dila kuwa a shirye yake: kowane mai saye ka kawo, kana da kamasho. Daga ranar, shawarar da ke fita daga bakinsa ta dila ce.

Sai ka ga an ɗaura kyamara takwas a shagon da huɗu suka isa. Sai a ɗora wa mai ɗan kanti manhajar lissafi mai kuɗin wata-wata, alhali jadawali ɗaya a Excel zai riƙe masa kayansa. Sai a kawo batirin da ya gama aiki a wani gida, an wanke shi an manna masa sabuwar takarda. Sai a sa faifan ajiya na gwanjo a na'urar kyamarori. Allo yana nuna hoto tar, kowa ya saki jiki, ashe faifan ya daina naɗa tun watanni. Ranar da aka fasa shago aka je duba fuskar ɓarawo, a tarar babu komai. Alhaji yana taƙama ya samu shawara kyauta, alhali ya biya kuɗinta ninkin ba ninkin a cikin farashin kaya, kuma abin da ya samu tallar wani ce.

Akwai kuma shawarar da ɗan kamasho ba zai taɓa bayarwa ba, domin babu abin sayarwa a cikinta. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris na 2016, ko ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022, ya san darajar littafin bashi. Kaya ana iya sake sarowa in an samu mai tallafi. Sunayen waɗanda kake bi, da nawa kake bin kowa, in sun tafi sun tafi. Yau littafin ya koma kwamfuta, kwamfutar kuma a shago take kwana. Mai shawara na gaskiya zai tambaye ka: in na'urar nan ta ƙone yau da dare, ina kwafin lissafinka? Zai sa ka ajiye kwafi a gida da wani a intanet, ya dawo daga baya ya gwada ko yana buɗuwa. Zai tambaye ka yadda za ka yi ciniki ranar da sabis ya ɗauke, domin bai manta da rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021 ba, da tsinkewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Maris na 2024, da duhun da ya rufe yawancin Arewa fiye da mako guda a Oktoban shekarar. Zai ce ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban da asusu biyu. Zai koya wa yaran shago kada su saki kaya don sun ga hoton rasit a wayar mai saye, sai kuɗi sun bayyana a asusun shago. Duk wannan ba ya buƙatar sayen ko ƙusa ɗaya. Saboda haka a tsarin da muka kafa, wanda ya faɗa maka shi da yunwa zai kwana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan rowar ba gadonmu ba ce. Fataken da suka riƙa tafiya Gwanja sayen goro, suna sauka a Salaga a ƙasar Ghana ta yau, da maigidan da suke sauka wurinsa suke dogara. Shi ya san wanda ke biya da wanda ke cinye bashi. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafi a kan Hausawan wurin a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan garin shanun Arewa bashi, maigida ya tsaya a tsakani ya ɗauki nauyin ganin an biya. Dukiya mai yawa tana yawo a kan kalmar mutum ɗaya. Har gobe ka je kara a Wudil ko Maigatari. Dillali bai yi kiwon saniyar ba, bai ba ta dusa ba, amma zai duba haƙori da ƙafa ya faɗi daraja, a gama ciniki a ba shi la'adarsa, babu mai cewa magana kawai ya yi. La'ada a fili take, mai saye ya san da ita, mai sayarwa ya san da ita. Kakanninmu sun gane cewa mai riƙon amana shi ma yana cin abinci, kuma gara a biya shi a bainar jama'a da wani ya biya shi a bayan fage. Mu jikokinsu mun riƙe rabin darasin, muna neman amana, mun yar da rabin da ya shafi aljihunmu.

Yanzu bari in juyo kanku, injiniyoyi, domin rowar Alhaji ba ta wanke ha'incin wasunku ba. Akwai mugun hali da ya zama ruwan dare a sana'arku: riƙe makullin mutum don kada ya iya rabuwa da ku. Na san wata baiwar Allah da ke haɗa turaren wuta da humra a ɗakinta. Wani matashi a unguwarsu ya buɗe mata shafi a Instagram. Da imel ɗinsa ya buɗe, lambar wayarsa ya sa. Ita dai an sa mata a waya tana ɗora hotuna, tana amsa masu saye daga Abuja da Kaduna har da Yamai. Shekaru tana tara mutane, kwalba bayan kwalba. Ranar da suka saɓa a kan kuɗi, ta wayi gari shafin ya fitar da ita. Ta kira shi, ya ce, "Anti, ai ni na buɗe, sai mun daidaita." Ta nuna min a wayar 'yarta, hannunta na rawa: ga kwalabenta, ga tabarmar ɗakinta a bayan hoton, ga masu saye suna tambayar farashi a ƙarƙashinsa, ita kuwa ba ta da ikon amsa wa ko ɗaya.

Wannan fashi ne, ko da ta ci masa haƙƙi. Wanda aka ƙi biya yana da hanyar neman haƙƙinsa, akwai manya, akwai mai unguwa, akwai kotu. Ƙa'idar abin a sarari take: wanda lambarsa da imel ɗinsa ke kan asusu, shi ke da ikon asusun, ko wane ne ya sha wahalar gina shi. Haka adireshin shafin intanet yake. Haya ake biya duk shekara, na .ng yana ƙarƙashin kulawar NiRA, kuma in injiniya ya yi rajista da sunansa, adireshin da ka buga a katinka da jikin motarka nasa ne. Kowane injiniya ya san wannan. Wanda ya sani ya yi shiru ya ci amana tun ranar farko, ko da bai taɓa amfani da makullin ba. Ko da zuciyarsa fara ce, mutum yana mutuwa, yana tafiya ci-rani, ana ƙwace masa waya a hanya. Sana'ar mutane bai kamata ta salwanta tare da wayar wani ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Kyamarorin da aka ɗaura a shago da na gida, sau da yawa suna nan a wayar wanda ya ɗaura su, da lambar sirrin da ba a taɓa canjawa ba. Yana kwance a ɗakinsa yana iya ganin abin da ya shiga durowa, yana iya ganin tsakar gidan mutum da iyalinsa. Wanda ya cike maka fom yana da NIN ɗinka da BVN da ranar haihuwarka, abubuwan da ɗan damfara ke nema ruwa a jallo. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar mutum ba da izininsa ba, an kuma sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023. Amma tun kafin doka, malamanmu sun karantar da mu cewa wanda aka nemi shawararsa an ɗora masa amana, kuma za a tambaye shi. Duk injiniyan da ya leƙa abin da ba a nuna masa ba, ya zubar da mutuncin abokan sana'arsa da ba su ji ba ba su gani ba.

Masu gaskiyar kuwa tafiya suke yi. Saurayin da ya iya aiki, ya kuma ƙi karɓar kamasho, watarana zai gaji da na mai. Zai nemi aiki a Abuja ko Legas, ko ya rufe ɗaki yana yi wa wani kamfanin Turai aiki ta intanet, inda ake biyan tunaninsa. Ba na ganin laifinsa. Kasuwa ce ta kore shi, ta bar wa kanta mai zaƙin baki.

Gwamnati ma tana da nata kason. A 2023 ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha. Horo abu ne mai kyau, ina goyon bayansa. Amma burin da muke cusa wa matasanmu shi ne aikin kamfanonin waje da albashin dala, alhali ga miliyoyin shaguna a bakin ƙofarsu suna neman wanda zai kama musu. Matashin da zai yi wa 'yan kasuwa aiki yana buƙatar ya iya sa wa aikinsa farashi, ya iya rubuta yarjejeniya da Hausa, ya iya miƙa makullai ranar da ya gama, ya iya ce wa babba a'a cikin ladabi. Takardar shaidar halartar bita ba ta isa ta ba shi wannan ba. Tun 1993 doka ta kafa majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta, CPN. Ka zaga layukan kasuwa ka tambaya, da wuya ka samu mai shagon da ya taɓa jin sunanta, balle ya san inda zai kai ƙara in an cuce shi.

Na san abin da wasu za su ce. Kasuwa ta yi nauyi, haya ta tashi, ina za a samo kuɗin shawara? Ai mai ƙaramin jari shi ne wanda ba zai iya jure kuskure ba. Attajiri in ya sayi batirin banza zai sayi wani. Mai ɗan kanti in ya zuba ribar shekara a solar da ba ta kai isha'i, ya zauna ke nan. Abin da za ka ba wanda zai duba takardar dila kafin ka biya, ɗan ƙanƙani ne a kan abin da ke rubuce a takardar.

Wasu kuma za su ce rubuta yarjejeniya tsakaninka da ɗan abokinka rashin yarda ne, ai an zama ɗaya. Wannan kunyar ta raba zumunci fiye da yadda takarda ta taɓa rabawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa umarnin. Rubutu yana kare mai gaskiya daga mantuwa, da zargi, da magadan da ba su san abin da aka ƙulla da baki ba. Injiniyan da ya ji haushi don ka ce a sa lambarka a asusunka, ya gaya maka ko shi wane ne. Ka gode wa Allah ka sallame shi.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma babu mai buƙatar jiran Abuja kafin ya fara. Ɗan kasuwa, ka raba kuɗin shawara da kuɗin kaya. Ka biya wanda zai duba maka, ka tambaye shi ƙiri-ƙiri ko yana da kaso a wurin da ya tura ka. In aikin na kullum ne, ku yanka abin da za ka riƙa ba shi duk wata, da lokacin da za a iya kiransa. Kowane asusu a buɗe shi da layinka da imel ɗinka. POS ya kasance da sunanka ko na shago, kada a sa na yaron da zai iya barin aiki gobe. A rubuta maka lambobin sirri a littafi ka kulle a gida, ka canja su ranar da aiki ya ƙare. A kunna maka matakin tsaro na biyu a WhatsApp, kuma lambobi shidan nan da ke shigowa ta saƙo, kada ka karanta wa kowa.

Injiniya, ka faɗi kuɗinka kafin ka buɗe jaka, kada kunya ta rufe maka baki sannan ka rama a farashin kaya. In dila zai ba ka kamasho, ka gaya wa mai shago, ya zaɓa da idonsa a buɗe. In aiki ya fi ƙarfinka ka ce ya fi, ka tura shi wurin wanda ya iya. Ka tsara aikinka yadda in ba ka nan gobe, wani zai ɗora daga inda ka tsaya. Mai shagon da ya san zai iya rabuwa da kai kowace rana amma ya ci gaba da kiranka, shi ne zai yaɗa sunanka a kasuwa.

Shugabannin kasuwa, ku kuka fi kowa iko a nan. Kuna sasanta rigimar bashi da ta rumfa, kuna karɓar kuɗin ƙungiya, kun san kowa. Ku buɗe rajistar injiniyoyin da ke aiki a layukanku, kowa da wanda ya tsaya masa. Ku fitar da takardar yarjejeniya ta shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, wadda kowane mai shago zai iya ɗauka. Wanda ya yi garkuwa da asusun mutum, a soke sunansa a sanar wa kowane layi. Mai shagon da ya ci gumin injiniya, shi ma a kira shi a zaunar da shi ya biya, komai girman rawaninsa.

Abin da ke zuba ta wannan ɓarakar jarin zawarawa ne, da kuɗin sallamar 'yan fansho, da adashin mata, da gadon marayu da aka sa a kanti. Ba zan yarda a ci gaba da kiransa ƙaddara ba, ko a ce zamani ne ya lalace. Mu muka ƙi biyan mai gaskiya a fili, muka bar masa zaɓi biyu, ya gudu ko ya lalace, sannan muna kukan amana ta yi ƙaranci. Alhaji, ka sa hannu a aljihu ka biya wanda ya faɗa maka gaskiya, tun yana nan.